Tambayoyi da Amsoshi kan Cunkoson Wasanni da Wahalar da Jikin Ɗan Ƙwallo Yake Sha

Duk lokacin da wani mai horarwa a Turai ya fito yana kukan cewa wasanni sun yi wa 'yan wasansa yawa, sai gardama ta kaure a gidajen kallon ƙwallo na Garwa da Marwa, wasu na cewa shagwaɓa ce irin ta masu kuɗi, wasu kuma na cewa abin ya wuce kima. Na daɗe ina aikin kula da ƙarfin jikin 'yan wasa a ƙananan ƙungiyoyi na nan arewacin Kamaru, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, a bakin fili da kuma majalisar shayi. Na amsa kowace gwargwadon nauyinta.

Me ake nufi da cunkoson wasanni?

Galibi masana suna amfani da wannan kalma ne idan ƙungiya ta buga wasa biyu a jere ba tare da an samu kwana huɗu cikakku a tsakaninsu ba, kamar a buga ranar Lahadi, a sake bugawa Laraba, sannan a koma fili Asabar. Mako guda na irin wannan ba ya kayar da ƙwararren ɗan wasa. Matsalar tana zuwa ne idan aka jera makonni biyar ko shida a haka. Wani lokaci jadawalin kan kai matsayin da hankali ba zai ɗauka ba. A watan Disamba na 2019 Liverpool ta buga da Aston Villa a Ingila ranar 17, washegari kuma ta buga da Monterrey a Doha, sai da ta raba kanta gida biyu, ta bar yara matasa a Ingila aka lallasa su da ci 5 da nema.

Kilomita nawa ɗan wasa yake gudu a wasa ɗaya, kuma shin wannan wani abin a-zo-a-gani ne?

Ɗan wasan da ya buga minti 90 a manyan gasanni yakan ci tsakanin kilomita 10 da 12. 'Yan tsakiya su ne suka fi kowa cin ƙasa, masu tsaron baya na tsakiya suna ƙasa da su, mai tsaron raga kuwa yakan yi kusan rabin haka.

Wani dattijo ya taɓa ce mini mai turin baro a babbar kasuwar Garwa ya fi haka tafiya kullum, ga kaya ga rana, kuma ba a taɓa jin ya nemi hutun kwana uku ba. Maganarsa gaskiya ce ta fuskar nisa, amma ba nisan ne yake cin jikin ɗan ƙwallo ba. Mafi yawan waɗannan kilomitoci tafiya ce da sassarfa, gudu mai tsanani kuwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Abin da ke gajiyar da tsoka shi ne yadda ɗan wasa ke sauya motsi fiye da sau 1000 a wasa guda: ya zabura, ya taka birki nan take, ya juya, ya yi tsalle, ya dira, a bangaje shi, ya miƙe ya sake zabura. Daga cikin waɗannan duka, taka birki ne ya fi yin ɓarna, domin a lokacin tsoka tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyin jiki gaba ɗaya, kuma a nan ne ƙananan zaruruwanta suke tsattsagewa.

Me ke faruwa a cikin jiki bayan an tashi wasa, kuma kwana nawa yake buƙata kafin ya dawo daidai?

Abubuwa da dama ne ke haɗuwa. Tsoka tana da rumbun makamashi, wato sukarin da jiki ya ajiye a cikinta, wanda likitoci ke kira gilaikojin. Wasa guda yakan kwashe kaso mai yawa na wannan ajiya, har wasu zaruruwan tsokar su zama fayau, kuma ko da ɗan wasa ya ci abinci yadda ya kamata, cika rumbun yakan ɗauki kwana biyu ko fiye. Sai kuma tsattsagewar da na ambata, wadda ita ce ke jawo tsamin jikin da ya fi tsananta a rana ta farko da ta biyu bayan wasa, ba a daren wasan ba. Ga ruwan da ya fita ta zufa, wanda a ranar zafi yakan kai lita biyu ko fiye. Ga barci kuma, wanda mutane suka fi mantawa da shi: wanda ya tashi wasa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, jininsa na tafasa, da wuya barci ya ɗauke shi kafin ƙarfe biyu ko uku, ballantana in akwai jirgin da za a kama.

Gwaje-gwajen da ake yi wa 'yan wasa sun nuna cewa saurin gudu da ƙarfin tsalle ba sa komawa yadda suke sai bayan awa 48 zuwa 72, kuma tsokar bayan cinya ita ce ta fi jinkirin farfaɗowa. Daga nan aka samo maganar awa 72 da ake yawan ji. Ya kamata a fahimci cewa awa 72 ita ce mafi ƙarancin abin da za a iya haƙuri da shi, ba wai ita ce isasshen hutu ba.

In haka ne, me ya sa muke ganinsu a wasa na biyu suna gudu kamar babu abin da ya same su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ce ta sa mutane da yawa ba su yarda akwai matsala ba. A 2010 Gregory Dupont da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike da suka yi a kan 'yan wasa 32 na wata babbar ƙungiya mai buga Gasar Zakarun Turai, inda suka bibiye su tsawon kaka biyu. Sun kwatanta makonnin da aka buga wasa ɗaya da waɗanda aka buga biyu. Nisan gudu bai ragu ba, gudu mai tsanani ma bai ragu ba. Amma yawan raunuka ya tashi daga 4.1 zuwa 25.6 a cikin kowace awa 1000 ta wasa da atisaye, wato ya ninka fiye da sau shida.

Ma'anar wannan ita ce ƙwararren ɗan wasa yana iya tilasta wa gajiyayyen jiki ya yi aikin da aka saba gani, saboda horo da juriya da kuma tsoron rasa gurbinsa. Ya iya dabarun ɓoye gajiya: ya san inda zai yi tafiya, ya san gudun da zai bari ya wuce, ya tara ƙarfinsa ga wanda ba makawa. Mai kallo a talabijin ba ya ganin komai, na'urar GPS da ke maƙale a bayan rigarsa ma tana iya nuna lambobi masu kyau. Bashi ne yake ci daga jikinsa, kuma ba a ranar ake biya ba. Sai bayan mako biyu ko uku, a wani gudu da ba wanda ya taɓa shi, ka ga ya tsaya cak ya dafe bayan cinya.

Labarin Pedri na Barcelona ya isa misali. A kakar 2020 zuwa 2021, yana ɗan shekara 18, ya buga wasanni fiye da 70, har da gasar ƙasashen Turai da wasannin Olamfik na Tokyo a bazara guda, kuma bai nuna gazawa a fili ba. Da sabuwar kaka ta fara, raunin cinya ya zaunar da shi watanni.

Waɗanne raunuka ne suka fi alaƙa da cunkoso?

Raunukan tsoka ne: bayan cinya, matsematsi, gaban cinya da sha-raɓa. Binciken da Jan Ekstrand yake jagoranta tun 2001 a kan manyan ƙungiyoyin Turai a ƙarƙashin hukumar UEFA ya gano cewa raunin bayan cinya ya tashi daga kashi 12 cikin ɗari na dukkan raunuka a farkon binciken zuwa kashi 24 bayan shekara ashirin. Wani sashe na wannan aiki ya nuna cewa raunin tsoka ya fi yawa idan hutun da ke tsakanin wasanni bai wuce kwana huɗu ba, idan aka kwatanta da kwana shida ko fiye.

Na ga haka da idona a wata gasar hutu ta unguwanni a nan Garwa. Yaro ne ɗan gefe mai sauri kamar barewa, yana buga wa ƙungiyar unguwarsu, kuma da sunan taimako yana buga wa wata a wata gasar daban, har ya yi wasa huɗu cikin kwana shida a fili mai tauri kamar daɓe. A na huɗun, bayan an dawo hutun rabin lokaci, aka jefa masa doguwar ƙwallo, ya yi taku kamar goma, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya sama yana ɗingishi. Ya ce mini ya ji kamar an jefe shi da dutse ta baya, har ya waiwaya yana neman wanda ya jefe shi. Bayan kwana biyu jini ya taru a ƙarƙashin fata, wurin ya yi baƙi. Wata biyu ya yi bai taɓa ƙwallo ba.

Game da tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa, sai a yi hattara. Mutane suna kafa hujja da Rodri na Manchester City, wanda a watan Satumba na 2024 ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki saboda yawan wasanni, kuma bayan 'yan kwanaki jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasansu da Arsenal. Abin ya zo daidai, amma irin wannan rauni yana da dalilai da yawa, kuma ba a iya ɗora shi kacokan a kan gajiya yadda ake iya yi da raunin tsoka.

Me ya sa wasannin suka ƙaru haka?

Kuɗin talabijin ne. Tun daga kakar 2024 zuwa 2025 Gasar Zakarun Turai ta koma ƙungiyoyi 36, kowace tana buga wasa 8 a zagayen farko maimakon 6. A 2025 FIFA ta yi gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi 32 a Amurka a daidai lokacin da ya kamata a ce ana hutu. Paris Saint-Germain ta buga wasan ƙarshe da Chelsea ranar 13 ga Yuli, sannan ta fara sabuwar kaka ranar 13 ga Agusta. Kofin Duniya na 2026 kuma an faɗaɗa shi zuwa ƙasashe 48 da wasanni 104. Sai dai wannan nauyi yana kan 'yan tsirarun taurari ne masu buga wa manyan ƙungiyoyi da ƙasashensu a lokaci guda, waɗanda kan kai wasa 60 ko 70 a shekara.

Shin 'yan wasan Afirka sun fi sauran shan wahala?

Waɗanda ke buga wa manyan ƙungiyoyin Turai suna da ƙarin kaya guda biyu: doguwar tafiya duk lokacin wasannin ƙasa da ƙasa, da kuma Gasar Cin Kofin Afirka wadda sau da yawa take faɗowa a tsakiyar kakar Turai. Mu a nan mun ga abin kusa da kusa a gasar da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022. Masar ta fara ne a filin Roumdé Adjia na Garwa ranar 11 ga Janairu, inda Najeriya ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi. Daga zagaye na biyu kuwa ba ta sake gama wasa a minti 90 ba: ta kara da Kwaddibuwa ranar 26 ga Janairu, da Maroko ranar 30, da Kamaru ranar 3 ga Fabrairu, da Senegal ranar 6, kuma duka huɗun sai da aka je ƙarin lokaci. Wasa huɗu ke nan na minti 120 cikin kwana 12, ga shi Senegal ta fi ta hutun kwana guda kafin wasan ƙarshe. Duk wanda ya kalli wannan wasa ya ga ƙafafun Misirawa sun yi nauyi.

Sai batun André Onana a Janairun 2024. Ya tsare wa Manchester United raga a wasanta da Tottenham ranar 14, ya hau jirgi da dare da nufin buga wa Kamaru da Gini washegari a Yamusukuro, ya isa ana saura 'yan awoyi, aka ƙi saka shi ko a benci. An yi ta zaginsa da zagin masu horarwa, amma ta fuskar lafiyar jiki hukuncin daidai ne.

To, 'yan wasanmu na gida fa, da ba sa buga wasa 60 a shekara?

Nasu nauyin iri daban ne, kuma a ganina bai fi na Turai sauƙi ba. Yawancin ƙungiyoyin Elite One, babbar gasar Kamaru, suna kudu ne, saboda haka ƙungiyar arewa irin Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Afirka a 2008 ta sha kashi a hannun Al Ahly, tana da tafiyar fiye da kilomita 1000 kafin ta isa Yawunde. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin jirgin sama sai ta bi mota zuwa Ngaundere, ta kwana a jirgin ƙasa. Zaman awoyi goma sha wani abu da gwiwa a lanƙwashe yana sa ƙafa ta kumbura, ƙugu da bayan cinya su ɗaure, kuma ranar da aka ɓata a hanya ba ta shiga lissafin hutu ko da jadawali ya nuna kwana huɗu ne tsakanin wasannin. Idan kuma ƙungiya tana buga gasar nahiya, kwantan wasanninta na gida sukan taru, a zo a cusa su cikin makonni kaɗan.

Ga zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa da Njamena yakan haura digiri 40. A irin wannan yanayi zuciya tana aiki biyu ne, tana kai jini ga tsoka tana kuma kai shi fata don a huce, kuma idan ɗan wasa ya rasa ruwan da ya wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, ƙwazonsa yakan fara raguwa. Ko a Limbe da ke bakin teku, alƙalin wasa Janny Sikazwe ya busa tashi a minti na 85 a wasan Tunisiya da Mali a 2022, ya dawo, ya sake busawa kafin minti 90 ya cika, daga baya aka ce zafi ne ya buge shi. Dokar FIFA ta tanadi hutun shan ruwa wajen minti na 30 da na 75 idan ma'aunin da ke haɗa zafi da danshin iska ya kai digiri 32, kuma bai kamata alƙalanmu su riƙa jiran sai an roƙe su ba.

Yaya azumi yake shiga wannan lissafi?

Mai azumi yana iya buga wasa, kuma da yawa suna yi. Wahalar tana wajen farfaɗowa, domin abin da zai ci ya sha cikin yini guda sai ya matse shi tsakanin buɗa-baki da sahur, barcinsa kuma ya rarrabu. Wasa ɗaya a mako mai yiwuwa ne, uku a mako cikin zafin bazara kuwa kasada ce. A Ingila tun 2021 ana ɗan dakatar da wasa don masu azumi su sha ruwa, hukumar ƙwallon Faransa kuwa ta ƙi yarda da haka. Hukuncin ajiye azumi saboda tafiya ko aiki na malamai ne, ba nawa ba.

Ai ana biyansu miliyoyi. Wanda ya ci ladan kuturu ba dole ya yi masa aski ba?

Dole ne, kuma suna yi. Amma tsoka ba ta san albashi ba. Awa 72 ɗin da take buƙata ɗaya ce ga mai karɓar miliyoyi da wanda ke bin bashin albashin wata uku. Mai kallo ma yana asara, tunda ya biya kuɗin shiga gidan kallo ya tarar tauraron da ya zo gani yana jinya.

Shin yawan wasa ne ya kashe Marc-Vivien Foé?

A'a. Foé, ɗan wasan Kamaru, ya faɗi ne a fili a birnin Lyon na Faransa ranar 26 ga Yuni 2003, a wasan Kamaru da Kolombiya, kuma binciken gawa ya nuna yana da ciwon kaurin tsokar zuciya. Abin da ya dace a ɗauka daga rasuwarsa shi ne gwajin zuciya kafin kaka, da hana mai zazzaɓi ko gudawa shiga fili.

Damar canza 'yan wasa biyar a wasa ɗaya ba ta magance matsalar ba?

Ta rage ta. An fara wannan tsari a 2020 lokacin korona, aka mayar da shi doka ta dindindin a 2022. Sai dai ya fi amfanar ƙungiyar da bencinta ke da ƙarfi, kuma tauraron da ya fi buƙatar hutu shi ne wanda mai horarwa ba ya son cirewa. Ban da haka, shigowar mutum biyar masu sabon ƙarfi tana ɗaga saurin wasan a kan waɗanda suka rage tun farko.

Akwai wanda ke kare 'yan wasan?

Akwai ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, wadda ta daɗe tana neman hutun kwana 28 a ƙarshen kaka. Reshenta na Turai tare da ƙungiyar gasannin Turai sun kai ƙarar FIFA gaban Hukumar Tarayyar Turai a watan Oktoba na 2024 kan yadda take tsara jadawali. A Yulin 2025 FIFA ta sanar da amincewa da awa 72 tsakanin wasanni da hutun kwana 21, a wani taro da ba a yi shi da FIFPRO ba. A Kamaru akwai ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, SYNAFOC, wadda Geremi Njitap ya jagoranta, kodayake damuwar ɗan wasan gida ta fi karkata ga albashi da kuɗin magani.

Maganin kashe ciwo yana taimakawa a buga wasa a jere?

Yana rufe bakin ciwo ne kawai, ɓarnar tana nan tana ƙaruwa. Na san yadda tramol ya yaɗu a tsakanin matasanmu, har wasu suna haɗiya kafin wasa wai don kada su gaji. Yana jawo jiri da farfaɗiya da kamuwa da shi, kuma tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Mai horar da ƙaramar ƙungiya, wanda ba shi da na'ura ko likita, me zai yi idan wasa uku suka faɗo masa a mako guda?

Mafi yawan abin da ke aiki ba ya buƙatar kuɗi. Ya sayi littafi ya riƙa rubuta mintunan da kowane yaro ya buga, har da waɗanda ya buga wa wasu ƙungiyoyin a ɓoye. Kowace safiya ya tambayi kowa yadda ya yi barci da inda ke masa tsami, kuma wanda ya ce bayan cinyarsa ta ɗaure kada a sa shi gudu mai tsanani, ko da shi ne mai cin ƙwallayen ƙungiyar. Kada a yi atisaye mai nauyi tsakanin wasannin, musamman a rana ta biyu, ko da an sha kashi mai horarwa yana fushi. Sassarfa ta minti ashirin da miƙe jiki sun isa, waɗanda ba su buga ba su ne za a ba aiki.

A ci abinci cikin awa guda bayan tashi, kada a bari sai an koma gida: shinkafa ko tuwo ko burodi don cika rumbun, da ƙwai ko kifi ko kindirmo don gyaran tsoka, kuma fura da nono ta haɗa biyun. Idan akwai sikeli, a auna yaro kafin wasa da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu ya sha lita ɗaya da rabi a hankali. Idan babu, ya duba fitsarinsa, in ya yi ja kamar shayi to da sauran sha. A tafiyar mota a tsaya duk bayan awa biyu a taka ƙasa. Akwai kuma atisayen ƙarfafa bayan cinya, wanda yaro zai durƙusa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba a hankali yana riƙe kansa har ya kusa taɓa ƙasa. Bincike ya nuna yana rage raunin bayan cinya da kusan rabi. Sai dai tun kafin gasa ake fara shi, da kaɗan kaɗan, domin makon farko yana sa tsamin jiki sosai, kuma wanda ya fara shi a tsakiyar cunkoso ya ƙara wa tsokar nauyi ne a lokacin da take neman sauƙi.